Farin Dutsen Balad da Wutar da Ke Ƙarƙashin Bahar Maliya

Alhazan ƙasar Hausa sun san Balad a matsayin kasuwa. Idan an kammala aikin Hajji ko Umara aka sauko Jidda ana jiran jirgi, can ake dosa don sayen tsaraba: turare, dabino, jallabiya, darduma, da zinare ga mai hali. A shiga ta Bab Makka, a bi Kasuwar Alawi, ido na kan kaya, hannu na kan guzuri. Kaɗan ne suke ɗaga kai su dubi tsofaffin benayen da suka yi wa lungunan rumfa, waɗanda kuwa suke tsayawa su duba gindin bango inda shafe ya ɓare ba su taka kara sun karya ba. Alhali a nan labarin garin yake. Dutsen da ke leƙowa ta wurin fari ne mai ratsin rawaya, duk jikinsa ramuka kamar saƙar zuma, wani wurin da ɓawon katantanwar teku a maƙale, wani wurin da zane kamar ƙananan taurari. Ragowar halittu masu rai ne. Mutanen Jidda suna kiransa hajar mangabi, kuma murjani ne da ƙwarin teku suka gina, ya mutu, ya daskare. Kada a haɗa shi da jan murjanin da iyayenmu mata suke ɗaurawa a wuya, wanda asalinsa Bahar Rum ne. Na Jidda ɗan'uwansa ne mai gina tudu a cikin ruwa. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, tsagewar ƙasar da take haifar da tsibirai masu aman wuta a kudancin Bahar Maliya ita ce ta ba Jidda mazauninta, da dutsenta, da ƙishinta, kuma raunin wannan dutse ne ya tsara salon ginin Balad, har ya mai da shi garin da ba ya tsayuwa sai hannu na kansa kullum.

Masana ilimin duwatsu suna ganin Bahar Maliya a matsayin teku ne da yake cikin ƙuruciya. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ƙasar Larabawa a manne take da Afirka, sai ɓawon ƙasa ya fara tsagewa, ɓangarorin biyu suka shiga ja da baya, ruwa ya cika tsakani. Har yanzu ba su tsaya ba, ana auna tazarar tana ƙaruwa da kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a shekara, wato ƙasa da tsiron farce. A tsakiyar tekun akwai kwazazzabo mai zurfin da ya kai mita 3,000 a wani wurin, inda narkakken dutse yake tasowa yana cike gurbin da tsagewar ta bari. Galibi ruwa ne yake rufe wannan aiki, amma a kudu, tsakanin Yaman da Eritiriya, yakan fito fili. Ranar 30 ga Satumba 2007 tsibirin Jabal al-Tair, wanda ya yi fiye da ƙarni ɗaya shiru har sojojin Yaman suka kafa sansani a kansa, ya tashi da wuta ya halaka wasu daga cikinsu. A Disamba 2011 masunta suka hango wuta tana tsartuwa daga cikin ruwa a rukunin tsibiran Zubair, kafin a ankara sabon tsibiri ya fito inda babu komai a da, a 2013 kuma wani ya biyo bayansa, igiyar ruwa ta fara gaigayarsu tun ba su huce ba. Mai karatu da ya san tafkin Tila na tudun Biyu, ko tsaunukan Kerang da Panyam a Filato, ya san irin wannan aiki bayan ya tsufa ya mutu. A Bahar Maliya da ransa yake.

Nan take wani zai ce an jawo zance daga nesa, tunda Jabal al-Tair yana kusan kilomita 700 kudu da Jidda, kuma babu wanda ya taɓa ganin hayaƙi na tashi daga wani dutse a Balad. Gaskiya ne, amma wutar ta fi kusa da garin fiye da yadda ido yake nunawa. Daura da Jidda, a tsakiyar tekun tsakaninta da gaɓar Sudan, akwai rami a zurfin da ya haura mita 2,000, wanda aka sa wa sunan jirgin binciken Amurka Atlantis II a shekarun 1960. Ruwan da ke kwance a gindinsa gishiri ne tsababa, zafinsa ya wuce digiri 60, kuma ƙarafa ne narke a cikinsa, domin wutar ƙasa ce take dafa shi. Ta gabas kuma akwai abin da Larabawa suke kira harra, wato filin baƙin dutsen da ya malalo yana wuta ya sandare. Harrat Rahat ta miƙe daga bakin Madina ta yi kudu kimanin kilomita 300, harsunanta sun gangaro ta kwaruruka har arewa maso gabashin Jidda. A shekarar Hijira 654, daidai da 1256, ƙasa ta tsage a gefenta na arewa, wuta ta yi kwana kusan 52 tana kwarara, ta yi tafiyar fiye da kilomita 20 kafin ta tsaya daf da Madina, kuma malaman tarihi na Musulunci sun rubuta abin dalla-dalla. A 2009 girgizar ƙasa ta yi ta maimaituwa sau dubbai a Harrat Lunayyir, arewa da Yanbu, har hukuma ta kwashe mutanen garin Al-Is. Jidda tana zaune ne a kan siririyar gaɓa, wuta a gabanta ƙarƙashin ruwa, wuta a bayanta kan tudu.

Sai dai ba da baƙin dutse aka gina ta ba, kuma a nan ne hujjar take ƙara ƙarfi. Kowane babban gari na Hijaz sanye yake da rigar ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Madina tana tsakanin harra biyu, don haka tsofaffin gine-ginenta da dama na baƙin dutse ne, irin tashar jirgin ƙasan Hijaz da masallacin Anbariyya na 1908. Makka tana cikin tsaunuka masu tauri irin na Kufena ko Kwatarkwashi, da su aka gina ta. Jidda kuwa abin da ke ƙarƙashin ƙafarta murjani ne, kuma tsagewar ce ta tanadar masa gida. Yayin da ƙasa ta rabu, bakin kowane ɓangare ya ɗaga sama ya zama jerin tsaunuka, Sarawat a gabas, tsaunukan Sudan da Masar a yamma. Ƙasar Larabawa ta karkata ta yi gabas, Nilu ya bi ta bayan tsaunukan Afirka ya zarce Bahar Rum. Sakamakon haka, tare da ƙarancin ruwan sama, babu kogi ko ɗaya da ke zuba cikin Bahar Maliya shekara zagaye. Ba laka, ba ruwan daɗi, sai ruwa mai ɗumi, garau, wanda gishirinsa ya kai kashi 40 cikin 1,000, fiye da na manyan tekuna. Murjani ba ya son komai kamar haka. Ya yi ta gini sahu-sahu a gefen gaɓa, kuma kimanin shekara 125,000 da suka wuce, lokacin da teku ya fi na yau cika da 'yan mitoci, ya shimfiɗa wani dandamali wanda ruwa ya janye ya bari a tudu. Daga irin wannan dandamali, a gefen tafkin Arba'in da ke arewa da tsohuwar ganuwa, aka riƙa yanko dutsen Balad, daga gindin tafkin kuma aka riƙa ɗebo baƙar lakar da ake kama shi da ita. Bakano zai gane tsarin nan take: kududdufan cikin birni ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje da badala ne. Raƙumi ba zai ɗauko baƙin dutse mai nauyi daga tafiyar kwanaki ba alhali ga dutse marar nauyi a bakin ƙofa, wanda ake sassaƙawa cikin sauƙi.

Sauƙin nan da tsadarsa. Mangabi yana shan ruwa kamar soso, yana marmashewa idan nauyi ya taru a wuri ɗaya, iskar teku mai danshi da gishiri kuma tana cinsa a hankali. Matafiyin nan ɗan Suwizalan, Burckhardt, wanda ya sauka Jidda a 1814, ya lura da abu biyu da har yau su ne mabuɗin fahimtar garin: ana shimfiɗa katako a cikin bango bayan kowane ɗan tsayi, kuma dutsen yana saurin lalacewa har da wuya a ga gini mai dogon tarihi. Wannan katako shi ake kira takalil. Bayan kowane sahu biyar ko shida na dutse, wato kimanin mita guda, mu'allim, malamin gini, yakan kwantar da itace a tsawon bangon ya ɗaure shi da wasu gajeru a kaikaice. Aikinsa uku ne. Yana raba nauyin da ke sama don kada ya danne dutse guda, yana tare tsaga idan ta taso daga ƙasa don kada ta zarce sama, sannan yana ba da damar a tokare bangon a zare duwatsun da suka ruɓe a ƙarƙashinsa a sa sababbi ba tare da an rushe gidan ba. Maginin Zariya ko Katsina da ya saba jera azara a cikin ginin tubali ba zai ga baƙon abu ba. Bango yakan fara da kauri sosai a ƙasa yana sirancewa a kowane hawa. A rufe shi da nura, farar ƙasar da ake samu ta hanyar ƙona irin wannan dutsen, don ya yi numfashi ba tare da gishiri ya taɓa naman dutsen ba. Har rawashin, tagogin katako masu ado da suka ɓullo waje, waɗanda su ne abin da masu ɗaukar hoto suka fi so, suna da aikin da ya wuce ado da shigo da iska da suturta matan gida. Duk inda aka buɗe bango aka sa katako an rage wa gindin gida kaya, kuma da wannan dabara dutsen da bai cancanci hawa biyu ba ya ɗauki huɗu da biyar, wasu ma fiye.

Babban ƙalubalen da za a yi wa wannan ra'ayi shi ne cewa Hajji da fatauci ne suka yi Jidda, ba duwatsu ba. Ana da shaida. Murjani yana ko'ina a gaɓar, daga Yanbu har Jazan, amma Jidda ce ta zama Jidda, saboda Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya mai da ita tashar Makka a madadin Shu'aiba wajajen shekara ta 647. Katakon rawashin ba a Hijaz ya tsiro ba, daga Indiya da Jawa jirage suka kawo shi, sandunan gandal na rufin ɗaki ma ta ruwa suka zo. A 2024 hukumar da ke kula da tsohon garin ta sanar da gano guntayen baƙin katako a mihrabin masallacin Usman ɗan Affan waɗanda bincike ya nuna daga tsibirin Sailan suke, tun ƙarnonin farko na Musulunci. Manyan gidajen da ake nunawa yau galibinsu 'ya'yan ƙarni na 19 ne, musamman bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, lokacin da jiragen tururi suka cika tashar da alhazai da haja. Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya karɓi garin a 1925, da bishiyar darbejiyarsa da aka daɗe ana kwatance da ita saboda ƙarancin itace a garin, dukiyar wakilci da kasuwanci ce ta tsayar da shi. Duk wannan ba abin musu ba ne. Amma a tambaya, me ya sa fataucin ya tsaya a nan? Tsaunukan da suka sa tekun a tsakiya sun mai da shi kamar bututu, iska ba ta da zaɓi sai ta bi tsawonsa. A rabinsa na arewa iskar arewa ce take kaɗawa kusan duk shekara, a rabin kudu kuwa takan juyo daga kudu da hunturu. Manyan jiragen filafili daga Indiya da Adan suna iya kaiwa wajajen Jidda da taimakon iska, daga nan sai su yi karo da iska mai tura su baya da tarkon murjani. Don haka a Jidda ake sauke barkono da yadi da gahawa a ɗora wa ƙananan jiragen da suka san lungunan hanyar Suwez. Hajji ne ya zaɓi garin, amma siffar ramin da tekun ke kwance a ciki ce ta mai da shi zangon dole.

Murjanin ya yi wa garin gadi ma. A gaban tashar akwai jerin shingaye a ƙarƙashin ruwa, da 'yan kafofi masu karkacewa waɗanda sai ɗan gari ya san su, shi ya sa manyan jirage suka riƙa tsayawa nesa ana jigilar mutane da kaya a kwale-kwalen sambuk. Da Turawan Fotugal suka shigo tekun Indiya suna barazana ga Hijaz, Sarkin Masar Ƙansuh al-Gauri ya aiko Husaini al-Kurdi ya kewaye Jidda da ganuwa wajajen 1509. A 1517 Lopo Soares de Albergaria ya iso da rundunar jirage, ya tarar da hanyar shiga siririya ce mai kwana-kwana, igwan Salman Ra'is, jagoran masu tsaron garin, kuma suna hararar kowace kwana, ya juya bai ci garin ba. Ganuwar da aka yi da dutsen murjani ta tsare tudu, murjani mai rai ya tsare ruwa.

Akwai ƙalubale na biyu wanda ya fi na farko nauyi a wurina, domin ya shafi mutanenmu kai tsaye. Ƙasa ta ba kowa dutse iri ɗaya, amma ba kowa ne ya kwana a cikinsa ba. Ibn Jubair, wanda ya ratsa Jidda a 1183, ya tarar da yawancin gidajenta bukkoki ne, sai masaukan fatake da aka yi da dutse da laka. Ƙarnoni bayan haka tsarin bai canza ba ga talaka. A cikin ganuwa akwai unguwanni huɗu, Sham da Mazlum da Yaman da Bahar, a wajenta kuma akwai ƙauyukan bukka, ciki har da Nakatu, inda Takari suka zauna, wato mutanen Afirka ta Yamma, Hausawa da Fulani da Barebari da sauransu. Su ne waɗanda suka taso a ƙasa daga Kano ko Borno, suka ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, suna tsayawa noma ko ƙwadago shekara da shekaru, wasu tare da ayarin da ya yi gabas bayan faɗuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har suka iso Sawakin, a gaɓar Sudan, suka haye. A Jidda da yawansu dako da ga-ruwa suka yi don haɗa guzurin Makka ko na komawa. Tarihin da aka karanta daga bangon dutse kaɗai zai manta da su, tunda bukka ba ta barin kufai mai daɗewa, kuma dole a yarda cewa kuɗi ne ya raba wanda ya hau bene da wanda ya kwana a zana. Duk da haka sana'ar da ta ci da su ita ma daga ƙasar ta fito. Garin da ba shi da kogi, wanda ruwan samansa na shekara bai kai kashi ɗaya cikin goma na Kano ba, wanda rijiyoyinsa zartsi ne saboda dutsen ƙarƙashinsa yana tsotso teku, dole ya sayi ruwa. Attajirai suka haƙa manyan tankunan ƙasa a bayan gari don tare ruwan kwari, ana sayarwa a salka. A 1907 Turkawa suka kafa injin tace ruwan teku da mutanen garin suka kira Kindasa, sai a 1947 aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima. Kafin famfo ya shiga gidaje, duk ruwan da aka sha a hawa na biyar a kafaɗar wani ya hau.

Sawakin ɗin da alhazanmu suka bi ta cikinta ita ce shaida mafi ƙarfi a kan cewa gari irin wannan da hannu yake rayuwa. Tagwayen Jidda ce a ɗaya gaɓar: ƙaramin tsibiri a cikin lungun teku, gidajen murjani, farin shafe, rawashin, har wasu iyalan fatake ɗaya ne a garuruwan biyu. Da Turawan Ingila suka ga mashigarta ta yi wa jiragen tururi kaɗan, suka gina Bur Sudan tsakanin 1905 da 1909. Fatake suka ƙaura, aka daina sabunta shafe. Ba yaƙi ne ya ci ta ba, kuma ba gobara ba. Shafe ya tsage, danshi ya shiga, katako ya ruɓe, bango ya kumbura, cikin shekaru 'yan gomiya mafi yawan tsibirin ya zama tsibin farin dutse. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a gaɓar Bahar Maliya gishiri ne ƙadangaren. Wanda ya ga yadda soron ƙasa yake zubewa a damina biyu ko uku idan magada suka daina yaɓe, ya riga ya san yadda Sawakin ta mutu. Wannan ne ma amsar masu mamakin yadda garin da ya haura shekara 1,300 yana tashar Makka ba shi da gidaje masu shekara dubu. Hasumiyar masallacin Shafi'i tana cikin 'yan abubuwan da suka yi nisan kwana, sauran kuwa an yi ta rushewa ana sake ginawa a wuri guda, sau da yawa da dutsen da aka tsinto daga wanda ya faɗi.

Balad ta kusa bin sawun 'yar'uwarta, ta hanyar arziki maimakon talauci. A 1947 aka rushe ganuwar, kuɗin man fetur ya shigo, gari ya fantsama arewa da kudu, iyalan da suka gina benayen suka koma sababbin unguwanni suka bar su ga 'yan haya, galibi baƙi masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ba su da dalili ko halin gyara gidan wani. Aka cike bakin teku aka tura shi yamma, har Unguwar Bahar ta daina ganin bahar. Masu cewa siminti da rodi sun 'yantar da Jidda daga hukuncin ƙasarta suna iya nuna dogayen benayen bakin ruwa su ce ga shaida. Amma a Balad siminti ya zama cuta. Inda aka maye gurbin nura da filastar siminti, danshi ya rasa hanyar fita ya zauna cikin dutsen yana cinsa ta ciki. Famfo da bututun bayan gida da na'urar sanyaya ɗaki suka shigo gidajen da aka tsara don ruwan salka, kowane yoyo yana sauka kan dutse mai sha. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso saboda yoyon bututu da rashin magudana, ya kawo gishiri gindin bango. Gobara ta ci wasu. Sabon garin ma bai tsira ba: ranar 25 ga Nuwamba 2009, alhazai suna Mina, ruwan da ya zarce na shekara guda ya sauka cikin 'yan sa'o'i, ya gangaro daga tsaunukan gabas ta kwarurukan da aka yi gini a bakinsu, ya kashe mutum fiye da 100. Gangaren da ya kwararo ta kansa kafaɗar tsagewar nan ce da ta ɗaga tun kafin a yi gari.

Ƙoƙarin ceto ya fara ne a zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, lokacin da aka yi wa gidaje fiye da 500 rajista wajajen 1980 aka hana rushe su. A 2014 UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a 2019 aka ware riyal miliyan 50 don tallafe gidaje 56 da ke gab da faɗuwa, yanzu kuma Ma'aikatar Al'adu ce take riƙe da aikin, an mai da wasu gidajen masauki da wuraren baje kolin zane. Wanda ya shiga Balad a 'yan shekarun nan zai ga gidaje da dama a tokare da ƙarafa, wasu kuma sun yi fari fes. Abin yabo ne, amma idan hujjar da na kawo ta tsaya, gyara na lokaci ɗaya, komai tsadarsa, bai wuce yaɓen shekara guda ba. Dutsen da ke cikin gidan Nasif ko na Ba'ishin ba shi da wata daraja a kan kansa, irinsa ne ake takawa a gaɓa. Abin da ya tsayar da benayen shi ne sanin mu'allim: wane dutse ne ya yi laushi da yawa, yaya ake kwaɓa nura a bar ta ta kwana, a ina za a tokare kafin a zare, wane sauti bango yake yi idan cikinsa ya zama fanko. Kano ta ga yadda ake rasa irin wannan sani, domin sarautar Sarkin Magina tana nan amma masu iya ɗaurin guga irin na Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, sun yi ƙaranci tun da bulo ya kori tubali. A Jidda an buɗe wuraren koyar da sassaƙar rawashin da aikin nura, sai dai almajirin da ya koyi sana'a don kwangilar gwamnati dabam yake da wanda ya koya don unguwa tana kiransa duk shekara. Gidan da aka mai da wurin kallo ba shi da uwargidan da za ta ga jiƙa a kusurwar ɗaki da asuba ta aika a kira magini. Daga gama gidan Nasif a 1881 zuwa yau, Jidda ta ƙara nisa da Sawakin da fiye da mita ɗaya, ruwan da ke ƙarƙashin lungunan Mazlum kuwa har yanzu zartsi ne, yana hawa cikin bango da kaɗan-kaɗan ko an yi bikin buɗe gida ko ba a yi ba.